Yadda ake ƙera wuƙar shiga daji da tsohon sifirin

Fara da neman guntun sifirin na mota a wurin 'yan gwangwan. Ka duba shi da kyau, in ka ga tsaga ko ƙanƙanuwa ce, bar musu abinsu.

Zana siffar wuƙar a kwali tukuna. Ruwan wuƙa na santimita 12 ya ishi fiɗa da yankan igiya, doguwa sai dai nauyi a ƙugu.

Hura wuta da gawayin ƙirya, don shi ke jure zuga-zugi. In ƙarfen ya yi jawur, kama shi da awartaki, ɗora bisa uwar maƙera, ka yi ta bugu da masaba har ya miƙe, ka fitar da tsini da wutsiyar da za ta shiga ƙota. Da jan ya dushe, mayar wuta. Bugun ƙarfe mai sanyi shi ke fasa shi.

Gyara da magagari, amma kada ka fitar da kaifi yanzu.

Nan ne masu gaggawa ke ɓata aiki. Sake gasa ruwan wuƙar har maganaɗisu ya daina kama shi, ka tsoma a mai nan take. Ruwan sanyi kan tsaga sifirin. Goge ta fes, ka ɗumama ta a hankali daga gadon baya har bakin ya yi launin zuma, in ba haka ba karyewa za ta yi kamar kwalba.

Sai ƙota ta icce mai tauri, ka wasa ta a dutse, ka kai wa baduku ya ɗinka kube.