Yadda ake haɗa ruwan kilorin a asibiti ba tare da an kashe ƙarfinsa ba

A ƙananan asibitoci da ɗakunan shan magani da yawa, da ido ake haɗa ruwan kilorin: a tsiyaya bilic irin su Jik ko Hypo a bokiti har wari ya tashi, a ce ya yi. Wari kuwa ba ma'auni ba ne. In ruwan ya tsinke ba ya kashe ƙwayoyin cuta, in ya yi ƙarfi kuma ya ci fatar hannu, ya sa ƙarfe tsatsa, ya shaƙe majinyata.

Kafin komai a duba jikin robar bilic ɗin a ga ƙarfinsa, wato kashi nawa cikin ɗari ne kilorin a cikinsa. Lissafin ɗaya ne: a raba ƙarfin da aka rubuta da ƙarfin da ake so, a cire ɗaya, abin da ya rage shi ne awon ruwa. Ana son kashi 0.5 cikin ɗari daga bilic mai kashi 3.5? Awo 1 na bilic, awo 6 na ruwa, wato lita 2 na bilic da lita 12 na ruwa. In mai kashi 5 ne, awo 1 da awo 9. Da kofin da aka auna bilic za a auna ruwan. In garin kilorin ne mai kashi 70, giram 7 a kowace lita, kusan cokalin cin abinci 10 ke nan a bokiti mai lita 20. A dama, a bar shi minti 30 garin ya kwanta, a tsiyaye na sama.

Daga wannan mai kashi 0.5 ake fitar da sauran. Awo 1 nasa da awo 4 na ruwa ya ba da 0.1, na goge gadaje, tebura da hannun ƙofa. Awo 1 da awo 9 ya ba da 0.05, na jiƙa zannuwan gado minti 30 bayan an wanke su. Shi 0.5 ɗin na jini ne da sauran ruwan jiki, da ɗakin da ake zargin zazzaɓin Lassa. A sansanin kwalara ana haɗa mai kashi 2 daban domin amai da bayan gida.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen zubar jini a ƙasa, musamman a ɗakin haihuwa. Jini da kansa yana cinye ƙarfin kilorin, don haka kwara shi a kan gudan jini asara ce kawai. A sa safar hannu mai kauri da rigar leda, a rufe jinin da tsumma ko takarda mai shan ruwa, a kwashe a jefa a ledar shara mai cuta. A wanke wurin da omo da ruwa, sannan a shafa mai kashi 0.5 a bar wurin a jiƙe minti 10. Mai gaggawar da ya goge nan take bai yi komai ba. Kuma kullum daga wuri mai tsabta ake farawa zuwa mai datti, daga sama zuwa ƙasa, ba a mayar da tsumman da ya yi datti cikin bokitin.

Rana da zafi suna kashe kilorin, abin da ya kamata a kula da shi sosai a watannin bazara. Saboda haka kullum da safe ake haɗa sabo, da ruwa mai sanyi garai-garai, a bokitin roba mai murfi, a ajiye a inuwa. A rubuta ƙarfinsa da ranar haɗawa a jikin bokitin. Wanda ya kai awa 24 a zubar. Kada a taɓa gauraya shi da ruwan wanke masai mai asid ko wani abu mai amoniya, domin iska mai guba ke tashi. A buɗe taga yayin haɗawa, a kare ido. Fesa wa mutum kilorin a jiki ko a tufafi ba shi da amfani, illa ce kawai.

Tsohuwar al'adar tsoma almakashi da sauran kayan aiki a kilorin kafin wankewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta daina ba da shawararta tun 2016, saboda tana lalata ƙarfe, jinin da ke jiki kuma yana rage ƙarfin ruwan. A wanke su da omo da buroshi, a ɗauraye, a busar, sannan a sa a tukunyar turara kayan aiki.

Hannu kuma sabulu da ruwa ne nasa, daƙiƙa 40 zuwa 60, ko man goge hannu mai sinadarin alkwahol, daƙiƙa 20 zuwa 30. Mai kashi 0.05 sai lokacin annoba in waɗannan sun yanke, domin yawan amfani da shi yana tsaga fata, ta tsagar nan kuma cuta ke shiga.