Yadda ake auna kallon da jami'a ke yi wa ɗalibai masu nakasa

Akwai wani ɗan unguwarmu a nan Jos da ke karatu a wata jami'a a wajen jihar. Shan inna ya taɓa ƙafafunsa tun yana yaro. Ya ba ni labarin cewa duk ranar Talata abokansa biyu ne ke cicciɓarsa su hau da shi bene na biyu, wani abokin kuma ya biyo su da keken. Duk wanda suka gifta sai ya ce "Allah sarki, sannu." Zango guda aka yi a haka, ba a samu ko mutum ɗaya da ya ce a sauko da lakcar ƙasa ba, alhali akwai ajin da ke zaune fayau a ƙasan benen.

Mu al'umma ce mai tausayi, kuma a nan wahalar wannan aiki take. In ka tsare mutum ka ce masa, "Kana ƙyamar nakasassu?" zai ce subhanallahi, kuma gaskiyarsa ya faɗa. Abin da kake son ganowa daban ne: shin yana ganin ajin ƙasan nan haƙƙin yaron ne, ko alfarma ce da sai an roƙa?

Abu na farko, kada ka fara kai kaɗai. Nemi ɗalibai makafi, kurame, guragu da zabiya, su zauna a kwamitin da zai yi binciken tun ranar farko, su ne za su faɗi abin da za a tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Jos ba a rasa masana: Jami'ar Jos na da sashen ilimi na musamman da ya daɗe yana yaye malamai, makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, jihar kuma na da hukumarta ta kare haƙƙin masu nakasa. Samu malami ɗaya da zai tsaya muku, sannan ku nemi izinin hukumar makaranta a rubuce. Binciken da aka yi a ɓoye, ranar da aka kai shi ofis za a ce ba a san da shi ba.

Daga nan sai tsara tambayoyi, kuma nan ne ya kamata ku ɓata lokaci. Tun 1960 masana a Amurka suka fitar da ma'aunin auna irin wannan ra'ayi, amma kwafo shi yadda yake ba zai gaya muku komai game da hostal ɗinku ba. Ku gina tambayoyinku a kan abin da ke faruwa kullum. Ga malami: in makauniya ta roƙe ka ta ɗauki muryarka a waya lokacin lakca, za ka yarda? Za ka tura mata handawut ta imel domin manhajar da ke karanta rubutu ta karanta mata, ko sai dai ta sayi na takarda kamar kowa? Ƙarin lokaci ga mai rubutu da Braille (rubutun makafi) a jarrabawa adalci ne ko fifiko? Ga ɗalibi: za ka zaɓi kurma a rukunin aikinku in maki ɗaya za a ba ku duka? Za ka zaɓi gurgu shugaban aji? Ga mai gadi da ma'aikacin rajista: in mai sanda ya tsaya a gabanka, abin da ya fara zuwa ranka ɗalibi ne ko mai bara? Wannan ta ƙarshe tana da nauyin faɗa, amma a tambaye ta. Yawancinmu a bakin masallaci da kan titi muka fara ganin makaho, kuma wannan hoton yana bin mu har cikin ofis.

Kowace tambaya a ba ta amsoshi huɗu ko biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". Kada su wuce ashirin. A yi su da Hausa da Turanci, domin masu shara da masu gadi da direbobin motar makaranta su ma jami'a ne.

Wani wuri da ake tuntuɓe shi ne ƙirga masu nakasar kansu. In ka rubuta "Kana da nakasa?" da yawa za su ce a'a, saboda kunya ko tsoron a san su. Akwai tambayoyi shida da ake amfani da su a ƙidaya a ƙasashe da dama, waɗanda ke tambayar wahala maimakon suna: wahalar gani, ji, tafiya ko hawa matakala, tuna abu, kula da kai, da fahimtar magana. Da su za ka gano ɗalibin da ke zama a layin gaba kullum don ba ya ji sosai, bai kuma taɓa gaya wa kowa ba.

Rabon takardun ba shi da wuya. A bi tsangaya-tsangaya, a haɗa da na waya ga masu so, a karanta wa makafi ko a ba su a sigar da manhajarsu ke karantawa, a samo mai maganar hannu domin kurame. Kada a rubuta suna.

Sai dai ɓoye suna kaɗai bai isa ba, kuma ina roƙon a kula da wannan. In makauniya ɗaya ce tak a sashen shari'a, ka rubuta "wata ɗaliba makauniya a sashen shari'a ta ce malaminta ya hana ta", ai ka nuna ta da yatsa. Malamin nan shi zai duba takardarta. A cire sunan sashe, a cire aji, a karanta mata abin da aka rubuta kafin ya fita.

Bayan takardu, a zagaya da ƙafa. Ku ɗauki tef na awo, ku bi mai keke daga ƙofar shiga zuwa aji, ɗakin karatu, asibitin makaranta da bayan gida. Gangaren keke mai kyau, duk hawan mita 1 yana buƙatar tsawon mita 12. Da yawa daga waɗanda ake zubawa da siminti a gurguje, ko mai ƙarfi ba zai hau su shi kaɗai ba. Ku auna faɗin ƙofa, ku ɗauki hoton kwalbatin da aka bari a buɗe a hanyar makaho. Sai ku ajiye wannan kusa da amsoshin. In mafi yawan ma'aikata sun ce makarantarsu tana maraba da kowa, hoton bayan gida kuma ya nuna keke ba ya shiga, wannan tazarar ita ce babban sakamakonku.

Rahoton kada ya wuce shafi uku, kuma ya tafi da doka a hannunsa. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar masu nakasa ta ƙasa da ke Abuja. JAMB ma tun 2017 take da tsari na musamman na jarrabawar makafi, wato ƙofar shiga ta buɗe, saura abin da ke bayanta.

Ku raba buƙatunku gida biyu. Akwai waɗanda ba sa cin ko sisi: sauko da lakca ƙasa, ba da ɗakin ƙasa a hostal, tura handawut ta imel, ƙarin lokacin jarrabawa. Waɗannan shugaban harkokin ɗalibai da mai tsara jadawali za su iya yi cikin mako guda. Masu cin kuɗi, irin su gangare, na'urar buga Braille da ɗaukar masu maganar hannu aiki, a kai su gaban shugaban jami'a kafin a rufe kasafin shekara, a nemi a sa su cikin ayyukan da ake nema wa kuɗin TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Kowace buƙata a rubuta ofishin da ke da alhakinta da watan da aka yi alkawari.

Ranar gabatarwa, ɗaliban su yi magana da bakinsu. 3 ga Disamba, ranar masu nakasa ta duniya, ta dace da hakan. Bayan shekara biyu a sake raba tambayoyin nan ba tare da canza ko kalma ɗaya ba, a sake bin hanyar nan da tef ɗin awo, a duba ko lakcar ranar Talata ta sauko ƙasa.