Darasi Na 9: Makullin Ƙaramar Bindiga Idan Ya Tsufa

Kalmomin da za mu koya yau: makulli, kunama, gidan harsashi, tsatsa, magagari. Malami ya rubuta su a allo, kowa ya karanta sau uku.

Kafin mu shiga karatu, mu san matsayin doka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, cikin makaman da aka haramta wa farar hula riƙewa, kuma wanda aka kama da ita ba izini yana iya shan ɗaurin shekara 10. Saboda haka wannan darasi na mutum biyu ne: jami'in tsaron da hukuma ta damƙa wa bindiga, da iyalin da suke kwana gida ɗaya da ita. A ajinmu na nan Daura akwai matan 'yan sanda, akwai iyayen sojoji. Abin ya shafe mu.

Makulli ɗan ƙarfe ne a gefen bindiga, wanda jami'ai suke kira sefti. Aikinsa ya hana bindiga tashi ko da an taɓa kunama. To amma ƙarfe yana cinyewa. Fistol ɗin da ta bi hannu biyar ko shida kafin ta iso gare ka, ba ka san sau nawa ta faɗi ƙasa ba, ba ka san wanda ya taɓa kwance ta ba.

Wata shekara da hunturu, wani yayana jami'in tsaro ya dawo daga aiki ya zauna kan tabarma a tsakar gida zai goge tasa. Ya zare gidan harsashi, wato ɗan kwanson da ake jera harsasai a ciki, ya ajiye gefe, ya sa makulli. Mahaifiyarmu tana tankaɗe a ƙofar madafi, ta ce, “Kai dai ka shiga ɗaki da abin nan.” Ya ce, “Inna, ai a kulle take, kuma ba komai a ciki.” Bai rufe baki ba sai muka ji ƙara. Randar da ke gindin bishiyar darbejiya ta dare biyu, ruwa ya malale har bakin tabarma. Minti kaɗan kafin nan ƙanwarmu ta sha ruwa a wurin, moɗar ma tana kan murfi. Har yau in na ga fasasshiyar randa sai gabana ya faɗi.

Kuskure biyu ne suka haɗu ranar. Na farko, fistol mai ɗura kanta tana riƙe harsashi ɗaya a maƙogwaro, wato farkon bututu, ko da an cire gidan harsashi. Na biyu, makullin ya riga ya saki bai sani ba.

Don haka ba a duba makulli sai an tabbatar bindiga wayam take. A juya bakinta inda ba mutum, ba dabba, kamar tarin yashi. Kada a dogara da zana ko ƙofar langa-langa, harsashi ratsa su yake yi. Yatsa ya kauce daga kunama. A fara cire gidan harsashi, sannan a ja murfin sama baya har na maƙogwaro ya faɗo. Wanda ya fara jan murfi kafin ya cire gidan harsashi, ya fitar da ɗaya ne ya ɗura wani. A leƙa da ido cikin haske, a sake leƙawa. Harsasan kuma a kai su wani ɗaki.

Yanzu a saurari makullin. Lafiyayye yana shiga da ɗan sauti, ƙas, ya tsaya daram. In yana lilo, ko yana zamewa da kansa in an girgiza bindigar, sifirin ɗin da ke riƙe shi ya gaji. In kuma ya yi tauri, yana tsayawa a rabin hanya, galibi datti ne: ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta zama kamar ƙaro, ko tsatsar damina da gumin jiki. Wasu suna ɗiga man gyaɗa ko baƙin mai. Man gyaɗa daskarewa yake yi ya ƙara kama ƙura.

Gwaji na gaba, bakin bindiga yana kallon yashi: a ɗana ta, a sa makulli, a matsa kunama. Kada gudumar baya, wato ƙarfen da ke bugawa harsashi ya tashi, ta buga. A saki kunama, a cire makulli. In guduma ta faɗa da kanta a wannan lokaci, haƙorin da ke riƙe ta a ciki ya cinye, kuma wannan bindiga ba ta fita aiki.

A kula, ba duka fistol ne halinsu ɗaya ba. A Browning Hi-Power, ƙirar 1935, tura makulli sama shi ne kullewa. A Beretta 92FS ta Italiya kuwa ƙasa ne kullewa, kuma ita da gangan take sauke guduma in an kulle. Jan ɗigo in ya bayyana, a buɗe take. Glock ba ta da makullin gefe, nata yana jikin kunama. Wanda hannunsa ya saba da wata aka sauya masa wata, ya tambaya, ba abin kunya ba ne.

Gogewa da tsumma da man bindiga, wannan aikin mai riƙe da ita ne. Abin da ya wuce haka na mai kula da ma'ajiyar makamai ne. Ina girmama maƙeranmu, su suke gyara bindigogin gargajiya da ake bugawa ranar hawan Sallah, amma cikin fistol lissafinsa siriri ne ƙwarai. Shafa ɗaya da magagari tana iya cinye abin da ke tsakanin kulle da tashi. A mayar da ita ofis babu harsashi a ciki, a rubuta abin da aka gani.

Uwargida kuma, in kin tarar da ita ƙarƙashin matashi, kada ki ɗauka don ki duba ko a kulle take. Fitar da yara, ja ƙofa, kira maigidan.

Aikin aji: kowa ya rubuta jimla uku a littafinsa, kamar yana sanar da shugabansa cewa makullin bindigarsa yana zamewa. A sa kwanan wata a sama.