Yadda ake riƙe ma'aikata idan an ba ka manaja

Ranar da aka damƙa maka makullin ofis aka ce kai ne manaja, abu na farko shi ne ka kama bakinka. Yi mako biyu kana kallo, kana tambaya. Na taɓa riƙe wani gidan burodi a Tudun Wadar Kaduna, kuma ban cika kwana uku ba na matso da lokacin fara kwaɓi zuwa kafin asuba. Dattijon da ke kula da tanda ya ja ni gefe ya ce, "Oga, rabin yaran nan daga Rigasa suke tasowa. A wannan lokacin ina za su sami keke?" Na ce, "Baba, yi haƙuri, nuna mini yadda kuka saba." Da na yi masa girman kai, da fulawa buhu nawa ta lalace kafin in gane inda matsalar take.

Mataki na biyu, albashi, kuma a nan zan daɗe don shi ne gishirin miyar. Tsayar da ranar biya, ka faɗa wa kowa, kada ta motsa. Ma'aikacin da mai gidan haya ke jira a ƙofa, ga kuɗin makarantar yara, jikinsa ne kawai yake wurin aiki. Hadisin nan da ya ce a ba ɗan ƙodago haƙƙinsa kafin guminsa ya bushe ba a bar shi don wa'azi kaɗai ba. Idan ciniki ya ja baya har kuɗin ba za su cika ba, tara su tun da sauran kwanaki ka faɗa musu gaskiya, kuma naka albashin ya zama na ƙarshe. Duk wanda ya tashi a Kakuri ya ga abin da rufe masaƙu ya yi wa gidaje, shi ya sa ma'aikaci a garin nan da ya ji biya ya yi jinkiri sai gabansa ya faɗi.

San haƙƙinsu ma tun kafin su tambaya. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa cikin wata 3 da ɗaukarsa, kuma wanda ya cika wata 12 yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da albashinsa. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa ya koma naira 70,000 a 2024. Dokar mafi ƙarancin albashin ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, amma kasuwa ɗaya kowa yake zuwa cefane.

Na uku, raba aiki a fili. Wane ne ke da sito, wane ne ke auna man janareto, wane ne ke karɓar kuɗin direbobi. Rubuta, manna a bango.

Na huɗu, gyara a keɓe, yabo a gaban jama'a. Magidanci ne kake wa tsawa a gaban yaron da ya haifa. Zai ce "to, ranka ya daɗe", amma daga ranar ba zai ƙara gaya maka injin ya fara wani ƙara ba. Kira shi ofis, ka rufe ƙofa, ka fara da tambayar me ya faru.

Sai adalci, wanda a Kaduna ba a wasa da shi. Kana da mai zuwa masallacin Juma'a, kana da mai zuwa coci ranar Lahadi, wani daga Kawo, wani daga Sabon Tasha. Tsara jadawalin yadda wannan zai riƙe wa wancan aiki ranar Sallah, wancan ya rama masa ranar Kirsimeti. Idan ƙanen maigida ya makara, abin da ka yi wa maigadi shi za ka yi masa. Wannan yana da wuya, na sani, har yana iya jawo maka kira daga sama. Ma'aikata kuwa suna ƙirga irin wannan fiye da yadda suke ƙirga kuɗin ƙarin lokaci.

Daga nan zaɓi mutum ɗaya ka koya masa littafin shige da fice da yadda ake magana da masu kawo kaya. Wata rana ka bar masa makulli, ka kashe waya zuwa la'asar, ka dawo ka duba littafin tare da shi.