Yadda Manomi a Damagaram Zai Nemi Tallafin Noma na Gwamnati

Da farko ka cire wa ranka cewa za a kira ka a danƙa maka kuɗi a hannu. Tallafin noma a Nijar yakan zo ne ta rangwamen takin zamani da iri, ko kuma gwamnati ta ɗauke maka wani kaso na kuɗin aikin da ka tsara. Duka biyun sai da takarda, kuma da rani ake haɗa ta, ba ranar da hadari ya haɗu ba.

Fara da shaidar gona. Ka ga mai gari da kwamitin filaye na ƙauyenku, wato COFOB, wanda ya samo asali daga dokar karkara ta 1993, su ba ka takardar da ke nuna gonar taka ce, ko ta gado, ko ta saye, ko aro. Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Gonar da 'yan'uwa biyar suka gada ba a raba ba, sai an zauna an yarda da wanda sunansa zai hau takarda. Ka haɗa da katin ɗan ƙasa, ka duba ko rubutun sunanka ɗaya ne a ko'ina. Mahamadou a nan, Mamadou a can, ya isa a ajiye takardunka gefe.

Sai ƙungiya. Ka shiga wadda ke da rajista, kana biyan kuɗin wata, domin ta hannun ƙungiyoyi da malamin gona ake yawan tattara sunaye. Ka riƙa leƙa ofishin noma na garinku ko Gidan Manoma, inda akwai shi.

Idan babban aiki ne, kamar rijiya da injin ban ruwa a garka irin ta fadamun Korama wajen Matameye, asusun gwamnati na tallafa wa noma, wato FISAN, da aka kafa a 2017 shi ne hanya. Tsarinsa kashi uku ne: kai ka kawo 10 cikin 100, gwamnati ta ba da 40, banki irin su BAGRI, wato bankin noma, ko asusun lamuni ya ranta maka 50. A aikin jika 500 na sefa, naka jika 50 ne, tallafi jika 200, bashi jika 250. Wannan bashin fa bashi ne, da ruwansa. Ka zauna ka lissafa buhun albasa ko barkono nawa zai biya shi kafin ka dangwala yatsa. Majalisar manoma ta jiha, CRA, tana taimakawa wajen rubuta takardun neman.

Ranar karɓar taki, ka tafi da kanka. Buhu kilo 50 ne. Ka duba ɗinkin bakinsa, ka karanta ko NPK 15-15-15 ne ko yuriya, ka karɓi rasit. 'Yan kasuwa za su tare ka tun a bakin sito da kuɗi a hannu don su saye takin, ga gida babu hatsi, na san abin da wuya. Amma buhun nan, in na NPK ne, ka kuma bi shi da ɗan tsunkule, kamar giram 6 a kowane ramin gero lokacin shuka, zai ci kusan kashi huɗu cikin biyar na hekta mai rami 10,000.