Yadda za ka fara kallon tsofaffin finafinan ƙetare ba tare da gyangyaɗi ba

Wanda ya saba da Indiya-Hausa, in aka kunna masa fim baƙi-da-fari mai awa uku, kafin minti ashirin barci ya kwashe shi. Don haka a bi abin daki-daki.

Fara da Children of Heaven na Majid Majidi, fim ɗin Iran na 1997. Yaro ne ya ɓatar da takalmin ƙanwarsa, suka koma karɓa-karɓa da nasa wajen zuwa makaranta. Awa ɗaya da rabi ne, kuma za ka iya kallonsa da iyali ba kunya. Sai Bicycle Thieves na Vittorio De Sica, Italiya, 1948: an sace wa magidanci keken da yake neman abinci da shi. Duk wanda ya taɓa acaɓa a Agege ko Idi-Araba ba sai an yi masa bayani ba. Na uku Mandabi na Ousmane Sembène, 1968, da harshen Wolof na ƙasar Senegal. An aiko wa dattijo kuɗi daga Faransa ta gidan waya, ba shi da katin shaida, aka dinga wana shi daga wannan ofis zuwa wancan. Seven Samurai na Kurosawa ɗan Japan kuwa, na 1954, ya kusa awa uku da rabi. Ajiye shi sai Lahadi, bayan ka caja kwamfuta ta cika.

Yawancin finafinan kafin tsakiyar shekarun 1950 hotonsu 4:3 ne, wato bai kai allon talabijin na yanzu faɗi ba. In talabijin ta miƙe shi ya cika allo, fuskoki za su baje. Bar baƙin gefen nan yadda yake.

Rubutun fassara shi ya fi ba da wahala. Sa wa fayil ɗin fassarar (srt) suna ɗaya da na fim, a jaka ɗaya, VLC, manhajar kallon bidiyo, zai ɗauko shi da kansa. In rubutu ya riga magana, danna H. In ya makara, danna G. Amma in tazarar sai ƙaruwa take yi, galibi an yi fassarar ne don kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa, naka kuma 23.976 ne, ko akasin haka. Danne-danne ba zai gyara ba, nemi wata.

A shafukan kallon fim na intanet, Mubi na aiki a Najeriya, Criterion Channel kuwa sai Amurka da Kanada. Mai son babban allo ya riƙa duba jadawalin Alliance Française, cibiyar al'adun Faransa da ke Ikoyi a Legas, in kuma daga Agege zai taso, ya fito da wuri saboda cunkoson gadar Third Mainland.