Na daina tuwon dare amma ƙiba ta ƙi sauka: yadda na gyara

Ashe matsalar tana cikin tukunyar miya da kofin shayi. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja yana da kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 120, ga shi ludayi guda ake kwararawa a miyar taushe ba awo. Na mayar da shi cokali 2 a miyar mutum huɗu. Sukarin shayi ya sauka daga cokali 3 zuwa 1, zoɓo kuma a gida nake dafawa da citta, ba sukari. Tuwo ya dawo, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannu, rabin kwanon kuwa alayyahu ne ko zogale daga kasuwar Samaru. Mai ciwon suga da ke shan magani ya tuntuɓi likita kafin ya rage abinci, don sukarin jininsa na iya faɗuwa.